Rumbu Uku

Ran da kwamfutar gidanmu ta yi shiru
ba tsawa aka yi ba, ba ruwa ya zubo mata ba.
Wuta ce aka ɗauke, aka kawo, aka sake ɗaukewa,
na ji ƙas-ƙas a cikinta
kamar ɓera na gurgurar ƙwarya.
Shi ke nan.

Na ce ba komai, ai ina da filas.
A bakin tasha na saye shi, hannun wani mai tire,
ɗan mitsitsi kamar ƙwallon dabino,
an rubuta masa giga dubu a goshi,
kuɗinsa bai kai na tiyar gero ba.
Shekara biyu ina zuba masa kaya yana karɓa,
ashe kwando nake ɗura wa ruwa.

Sunayen suna nan a jere:
Bikin Saude. Takardun fansho. Muryar Baba.
Na taɓa Muryar Baba,
ba ta amsa ba.

A nan ne yake faɗin iyakar gonarmu ta Batagarawa,
daga kukar da aradu ta tsaga
zuwa inda gamba ta ja layi,
yana tari, yana dariya,
yana kirana da sunan da ya tafi da shi kabari.

Na ƙulle abin a gefen mayafi
na nufi Ƙofar Ƙaura, shagon Mannir,
yaron da na koya wa lissafi a aji huɗu
yana ɓarar gyaɗa a ƙarƙashin benci.
Yau allon a hannunsa yake.

Ya ce, Malama, wannan jabu ne,
bakin randa gare shi, cikin ludayi.
In ya cika ba ya faɗa,
sai ya riƙe suna ya zubar da mai sunan.

Ya ajiye guda biyu a kan tebur.
Wannan, faifai ke juyawa a cikinsa,
yana da ciki, kuɗinsa da dama-dama,
amma riƙon ƙwai yake so.
Wancan babu abin da ke motsi a ciki,
ko jikanki ya yar da shi, da wuya ya ji,
sai dai tsada,
kuma ba ya son a manta shi shekaru a ƙasan akwati.

Na ce, wanne ne ba ya mutuwa?
Ya ce, ko ƙarfe yana da kwanansa.
Ki duba hatimin kwali, ki karɓi rasit,
ki tambayi garanti wata nawa ne,
kar ki tashi sai an cika shi taf
an sake buɗe komai a kan idonki.
Araha ba ta ado, Malama,
ke kika rubuta mana ita a allo.

Sai na tuna Baba rumbu uku yake yi:
ɗaya a gida, ɗaya a gona,
ɗaya can Rimi wajen ƙanensa.
Muna yara muna cewa wahala ce kawai.
Shi kuwa ya ce gobara ba ta sallama,
gara ba ta aiko ɗan saƙo.

Na sayi biyun, adashen watan ya tafi.
Ɗaya na kwana a durowata, nesa da randa,
ɗaya a Rafindaɗi, gidan Saude.
Duk Juma'a bayan la'asar
nakan zauna in kwafe abin da mako ya tara,
in buɗe, in gani da idona, kafin in zare.

Kwana tara Mannir yana tonon tsohon faifan kwamfutar.
Abin da ya tsamo bai kai numfashi uku ba:
tari ɗaya,
sai "daga kukar nan…"
sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano.

Na saurara har batir ya yi ja.
Sannan na gyara zama, na danna jan maɓalli,
na ɗauka daga inda ya tsaya,
na kai iyakar har bakin gamba
da muryar da ta rage a gidan.
Na ajiye ta wuri uku.