Hausar Sista Nkiruka

Sista Nkiruka ba ta san "ke" ba.
Shekara bakwai ta yi a wani asibitin mishan a Filato,
ta kwaso Hausa a gurguje, kamar mai roron gyaɗa da magariba,
ta baro rabi a gona.
Kowa "kai" ne a bakinta:
Fada kai, mai shara kai, ni Dinatu ma kai.

Ranar da na fara taka Akoka
da akwatin ƙarfe da ƙullin acca,
Legas ta yi mini yawa kamar rigar aro.
Danfo na ihu, sama na zuba,
ba wanda ya amsa gaisuwata.
A bayan cocin ɗalibai, gindin mangwaro,
wata mai farin lulluɓi da lema mai karyayyen haƙarƙari
ta ji ina mita da harshen gida.
Ta juyo: "Kai! Ka ci abinci?"

Ofishinta bai fi shagon mai caji ba.
Kujera biyu, fanka mai tari,
gicciye a bango, gwangwanin biskit,
da wani littafi mai baƙin bango
inda take rubuta waɗanda kuɗin makaranta ya shaƙe.
Ba ta taɓa barin kowa ya leƙa ba.

Tunbosun yakan zo kowace Alhamis
ya shaida mata cewa ya daina gaskata komai,
ya cinye biskit shida, ya tafi.
Takan ce: sai mako mai zuwa.
Ummita, 'yar ɗakinmu, takan zo karatu don akwai wuta;
in la'asar ta yi, Sista ta janye kujera,
ta nuna mata gabas da bakin lema.

Sai ran Talatar nan.
Wayar asuba ba ta kawo alheri.
Muryar yayana daga Zonkwa, guntuwa:
Baba ya tafi.
Jarrabawata ta ƙarshe, ƙarfe tara.

Hawa uku ne zuwa ɗakinmu,
gwiwoyinta kuwa sun daɗe da tsufa kafin ita.
Na ji tana hutawa a kowane bene.
Ba ta yi mini wa'azi ba.
Ta wanke kwanukan jiya,
ta nemo mini biro, ta ɗaura mini ɗankwali a karkace.

A ƙofar zauren jarrabawa ta buɗe tafin hannu.
Na sa mata waya.
Ba ta rufe ba.
"Kukan ma," ta ce, "ka ba ni, in riƙe maka.
Awa uku kawai. Ka fito ka karɓi abinka."

Na ba ta.
Ban san me na rubuta ba, amma na rubuta.

Da na fito tana nan, cikin rana,
carbin rosari na tafiya tsakanin yatsunta.
Mai amana ce:
ta mayar mini da shi cif, ko ɗigo bai ragu ba,
na zube shi duka a kafaɗarta
har farin lulluɓin ya yi duhu.

Da dare, a tashar Jibowu,
ta cusa mini hankici ƙulle da 'yan ɗari biyu-biyu masu laushi,
ta zana gicciye a goshina da babban yatsa,
ta yi wa direba faɗa tun bai yi laifi ba.

An yi mata canjin wuri bara.
Wata sabuwa ce a ofishin, mai kirki, mai Turanci tsaf.
Fankar na nan da tarinta.

Shekara huɗu, ban gyara mata ko sau ɗaya ba.
Har yau in wani ya ce "kai!" a cunkoson Oshodi,
ni ce ke fara waiwayawa.