Minti Biyar a Tantin Namsrai

Na bar Tsetserleg tun raɓa ba ta bushe ba,
babur na gurnani, ciyawa na sunkuyawa,
jakar awo a ƙirjina kamar goyon gaba.
Tantin Namsrai na can gindin tsauni,
hayaƙi ɗaya tilo a faɗin makiyaya.

Ya tare ni da kwanon shayi,
madara da gishiri, kitse na yawo a sama.
Na ce, “Baba, kai fa, ka sha?”
Ya ce, “Kwano uku. Na bi da taba.”
Na ce, “To, awo sai bayan rabin awa.”
Ya yi dariya har murfin tukunya ya motsa:
“Sarangerel, jinin nan nawa ne,
shekara saba'in bai taɓa sa mini lokaci ba.”

Muka jira.
Ya sake kayar mini da katon da ya kayar
shekara arba'in da suka wuce,
ƙasa ta sake girgiza, dawakai suka sake haniniya.
Da ya gama na ce, “Je ka kewaya tukuna,
cikakkiyar mara ma tana ƙara wa lamba.”

Kujera mai jingina ɗaya ce a tantin,
ta marigayiya Dulamsuren.
Tun rasuwarta tulin bargo ke zama a kai.
Ya dube ta, ya dube ni.
Shi da kansa ya sauke bargunan.

Baya a jingine.
Tafin ƙafa biyu a ƙasa, ban da harɗewa.
Zare hannu daga rigar ulun nan,
ba a jin kogi ta bayan bango.

Damtsen tsohon ɗan kokawa!
Watan jiya a asibitin gari
an shaƙe shi da maɗaurin da bai kai ba,
yana haki, yana tsakiyar magana,
allo ya ce ɗari da tamanin,
ya dawo gida kwana uku barci ya ƙi.
Ƙaramin maɗauri shaidar zur yake yi.
Na zo da babba.
Na ɗora hannunsa kan akwatin fenti,
na cusa matashi har ya yi daidai da zuciya.

“Yanzu shiru. Minti biyar.”

Wannan ce kokawar da bai taɓa yi ba.
Leɓensa ya motsa, na ɗaga yatsa.
Iska tana lallaɓa jikin tanti.
Ɗan rago na kiran uwa can nesa.
Garwashi ya fashe, ya kwanta.
Yatsun ɗaya hannun suka sami wurin
da nata yatsun suka cinye fentin kujera,
suka tsaya nan.

Na hura. Na saki iska a hankali,
kamar mai sakin linzami a gangare.
Can a kunnena aka ƙwanƙwasa:
ɗari da hamsin da shida.
Baƙon ya yi ta bugu, yana nisa, yana nisa,
ya ɓace a casa'in da huɗu.

Ban yarda da shaida ɗaya ba.
Minti guda, na sake.
Na koma ɗaya damtsen, na sake.
Na rubuta duka, da rana, da sa'a.

“Bai kai inda aka tsorata ka ba,
bai kuma sauko inda nake so ba.
Ƙwayarka kullum, ko kana jin garau.
Gishiri kuma...”
Ya ce, “Shayi ba gishiri ai ruwan wanki ne.”
Muka yi ciniki kamar masu sayen raƙumi,
muka rabu a kan rabi.

Na naɗe maɗauri, na zuge jaka.
Bai tashi ba.
Na ce, “Baba, ai an gama.”
Ya ce, “Na sani.
Je ki, 'yata, rana na yi.
Zan ƙara minti biyar.”