Diddigen Lakshmi

Ni ne Dhondiba, mai sharar zauren zane
a bayan tashar Nagpur, shekara goma sha tara ke nan.
Yau tsintsiyata ta ci gilashi har ta ƙoshi.

Da hantsi suka zo, ƙyalle ruwan goro a wuya,
arba'in ko fiye, wa ya tsaya ƙirga?
Wanda ya fara jefa kwalbar tawada
Prafull ne, ɗan ƙanwata,
da na saɓa a kafaɗa zuwa haikali ranar askinsa na fari.
Bai dube ni ba.
Ni ma ƙasa na duba.

Laifin Ketaki mai zane?
Ta sauko da Lakshmi daga kan furen bado,
ta hana zinariya zuba daga tafinta,
ta durƙusar da ita bakin rafi gaban tulin wanki.
Hannu huɗu, kowanne da aikinsa:
biyu na cuɗa, ɗaya na matsa,
na huɗu ya dafe ƙugu.
Diddigen kuwa duk faso,
kamar gonar auduga da damina ta yi wa rowa.

"An ci mutuncin Uwa!" Haka suke ta faɗa,
jijiyar wuya kamar ta tsinke.
Ban ce ƙarya suke ba.
Ranar da aka rataye zanen ni ma gabana ya faɗi,
kwana uku ina wuce shi kai a sunkuye,
har kwakwa na ƙara a haikali, ko a yafe wa idona.
Ran na huɗu na ɗago.
Na san wannan diddigen.
Shi na bi a baya ina yaro,
daga gidan masu kuɗi zuwa rafi, daga rafi zuwa gida.

'Yan sanda sun iso bayan ƙura ta lafa,
suka sha shayi, suka tafi da Ketaki,
wai don lafiyarta.

Cikin tarkace na tsinci ƙyalle kamar tafin hannu,
ƙafa ɗaya, tawada ba ta taɓa ta ba.
Yana aljihuna.
Shevanta ta kunna fitilar mai gaban Lakshmin tagulla,
ta ce in wanke hannu.
Kantar bauta ba ta da wurinsa,
kwandon shara kuma hannuna ya ƙi.

Anjima Prafull zai shigo cin abinci,
baƙi a ƙarƙashin farcensa,
kuma ni zan miƙa masa ruwa.