Sallama a Ƙofar Fuska

A Kasala, da hantsi,
duwatsun Taka sun tsaya kamar tulunan da aka kifa.
Na hango wata tsohuwa a gindin darbejiya
tana suyar gahawa a ɗan kasko,
hayaƙi na bin gefen mayafinta ruwan goro,
haske ya sauka a goshinta
daidai yadda na yi sati ina nema.

Ban ce uffan ba.
Na ɗaga kyamara, na kanne ido ɗaya,
yatsana a kan maɓalli
kamar maharbin da ya ga barewa ta sunkuya shan ruwa.

Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce,
da Hausa, Hausar da ta sha ruwan Larabci:
"Ɗan nan, a garinku haka ake faɗawa gida babu sallama?"

Hannuna ya mutu.
Na zaci ni kaɗai na shigo da harshen nan kasuwar.

Da ƙafa ta turo mini kujera.
Sunanta Tasalla.
Kakanta ya baro Haɗeja a ƙasa, da gora da sanda, Makka ya nufa,
guzuri ya ƙare masa a nan,
sai ya yi aure, ya shuka albasa a bakin kogin Gash.

Ta daka citta, ta zuba, ta miƙo mini finjali na fari.
Ɗaci.

Ta ce, "A shekarar fari,
uwata Dela ta zauna a bakin hanya
tana jiran motar Gadarif, biki za ta je.
Ta gaji, ta cire takalma, ta zabga tagumi.
Wani baƙo ya wuce, ya yi ƙyas, ya tafi.
Bayan wata huɗu wani akawu ya zo da jarida:
ga fuskar uwata, a ƙarƙashi an rubuta yunwa.
Buhun dabinon da ta jingina da shi,
da ƙullin turaren amarya,
duk an yanke su, ba su shiga ba.
Surukanmu sun gani.
Har ta koma ga Allah ba ta sake zama a bakin hanya ba,
a tsaye take jiran mota."

Finjali na biyu.
Wani jaki ya wuce da tankin ruwa,
mai shi yana buga ƙarfe.
Na dubi kyamarar a cinyata
kamar wuƙar da aka kama ni da ita a gidan suna.

A na uku na sami bakina.
Na ce, "Iya, salamu alaikum. Kin yarda in ɗauke ki?"

Ta yi dariya har haƙorinta na zinariya ya fito.
"Yanzu ka iso. Ina za ka kai ni?
Me za ka rubuta a ƙarƙashina?"

Ban taɓa tambayar kaina ba.

Ta ce, "To, rubuta sunana,
da cewa duk layin nan babu gahawa irin tawa."
Ta gyara mayafi, ta goge toka daga hannunta,
jikarta ta zo za ta janye bokitin wanke-wanke,
ta ce a bar shi, ai shi ma yana cikin aikin.

Kafin ta gama shiri rana ta take tsaka.
Hasken nan ya tafi, garwashi ya daina hayaƙi.
Ta zauna ƙyam kamar mai ɗaukar hoton fasfo.

Shi ne yanzu a bangon ɗakina.
Abokan sana'a sun ce bai yi kyau ba,
inuwa ta cinye rabin fuskar.
Na rubuta abin da ta ce, ban ƙara ko wasali ba.
Idan na shigo da dare tana kallona ido cikin ido,
ni kuwa ba na sunkuyar da kai.