Eka Tamanin

Bara masara ce a nan, har kafaɗa.
Bana gidaje ne, launinsu ɗaya,
kamar ƙwan da kaza guda ta saka.

Marlene Dietz ta sayar da eka tamanin,
ta bar wa kanta rumbu da bishiyar tuffa.
An raɗa wa titin sunan mijinta,
sai dai an juya harafi biyu.
Ba ta tanka ba.
Marigayin ma ba mai yawan magana ba ne.

Tun asuba motoci ke jerin gwano
zuwa Indianapolis,
fitilunsu jajaye kamar garwashi bisa ƙanƙara.
Makarantar da aka buɗe watan jiya
har ta yi wa yara kaɗan.

Shekaranjiya barewa ta tsaya a sabon shataletale
tana neman rafi.
Rafin yana ƙasa, cikin bututu.

Da yamma wani yaro daga gida mai lamba ɗari biyu
ya tsallako shinge.
"Kaka, tuffar nan ta waye?"
Ta daɗe tana kallonsa.
Sannan ta shiga ciki,
ta ɗauko kwando.