Sakin Jiki

Shekara arba'in ina ɗaure igiyar jirgin fito
tsakanin Halifax da Dartmouth,
hannuna bai san komai ba sai damƙa.
Da Ishbel ta rasu, 'yata Catriona
ta iso da kwando a ranar ƙanƙara,
ta ce, "Baba, ga abokiyar zama."
Na ce, "Ni Murdo, me zan yi da kyanwa?"

Fara ce fat a lokacin, kamar an tsamo ta daga madara,
sai ɗan duhu a bakin kunne.
Ido shuɗi, irin shuɗin tashar jiragenmu
da safiyar Yuni, kafin jirgin farko ya tsaga ta.
Catriona ta ce ragdol ake kiran irinsu,
wato 'yartsanar tsumma.
Ban tambayi dalili ba, ita ma ba ta tsaya bayani ba,
jirginta na sama yana shirin tasowa.

Dare na uku na sunkuya na ɗauke ta daga gaban murhu,
sai ta zube a hannuna.
Kai ya langaɓe, ƙafafu suna reto,
ba ƙashi, ba gardama.
Haka na ɗauki Ishbel daga daɓen kicin
a watan Nuwamba. Nauyin nan. Laushin nan.
Ko safa ban sa ba, na tuƙa mota cikin dusar ƙanƙara
har asibitin dabbobi, gabana na faɗuwa.

Likita Theriault ta ɗora ma'auni a ƙirjinta,
ta daɗe tana saurare,
don ta ce irinsu sai ana duba musu zuciya.
Sannan ta fara dariya, ta ga fuskata, ta haɗiye sauran.
"Lafiyarta ƙalau. Halinsu ke nan.
In ta yarda da kai, sai ta bar maka kanta duka."
Mara lafiyar tana hamma a kan teburin ƙarfe,
ni aka miƙa wa kujera da ruwa.

Yanzu shekararta huɗu, sai bana ta gama girma.
Fuska da jela da ƙafafu sun yi duhu sannu-sannu
kamar biskit ɗin da aka manta a tanda,
sunan da na sa mata da wasa ya zama gaskiya.
Biskit. Kilo shida da rabi, gwiwata ce shaida.
Ba ta hawa kabad, ba ruwanta da labule.
In na tashi ta tashi, in na shiga wanka ta tsare ƙofa
tana kira ƙasa-ƙasa kamar baƙuwa.

Talata da Asabar ranakun taje ne.
Gashin kamar siliki, amma a hammata
da bayan kunne yakan ƙulle.
Ni kuwa na san ƙulli, sai dai wannan
ba a fizgarsa, lallaɓa shi ake da matajin ƙarfe.
In sanyi ya wuce, duk rigunana sun zama nata.
Abinci da kofi nake aunawa, don ba ta san ƙoshi ba.
In rage farce, in sake yashi,
in yi mita, amma ba na ƙosawa.

Waje kam na hana.
Rana guda ta sulale, na same ta a gefen titi
ta yi rigingine gaban karen Dougal maƙwabcina,
tana nuna masa ciki kamar duniya duk gidansu ce.
Ga wadda ba ta san mugu ba, ƙofa ce garkuwa.

Da dare, in iskar teku tana jijjiga taga,
nakan ɗauke ta, ta narke yadda ta saba.
Har yau hannuna yakan firgita na daƙiƙa ɗaya,
kafin in ji ɗan gurnanin nan a bayan haƙarƙarinta,
kamar injin jirgi mai jiran fasinjan ƙarshe.
Sai yatsuna su buɗe, ɗaya bayan ɗaya.
In zauna, ita a cinyata,
shayina a gefe yana hucewa.