Digiri Huɗu

Shef Lawali ya ce a fara da ido.
Ba naki ba, Habsu, na kifin.
In ya yi tar kamar an zuba masa ruwa, ɗauka.
In ya faɗa ciki ya yi hazo,
mayar wa mai shi da abinsa.
Ɗaga kunnen: ja muke so, ba launin ƙasa ba.
Danna yatsa, ki cire.
Naman da ya riƙe sawun yatsarki
ya riga ya gama da duniya tun jiya.

Na rubuta a kaye da jan bik,
ni da na tashi a bakin tafkin Madarunfa,
inda Inna ta shekara talatin tana banda tarwaɗa,
ba ta taɓa jin sunan digiri ba.
Hancinta ne ma'auni.

Wata bakwai ke nan ina hadda:
huɗu a firigo,
sittin da uku a tsakiyar nama,
abin da ke tsakaninsu kuwa kasuwar ƙwayoyin cuta ce,
tana ci ba ranar hutu.
Shuɗin katako na kifi ne kaɗai.
Wuƙar da ta shiga ciki ba ta zuwa wajen salak.
A yanke farce, a tuɓe zobe,
a wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala,
sai dai nan da sabulu, da ɗigon jabel a bokiti.

Saura kwana biyu jarrabawa
na sayi karfasa uku, jaka biyu da rabi,
kuɗin adashen da na ci bashinsa,
don in gwada fiɗa ba ƙaya ko ɗaya.
Na kai ajiya firigon maƙwabta a Bagalam.
Wuta ta ɗauke bayan isha.
Ba ta dawo ba sai da ladan ya yi kiran farko,
ga watan Afrilu, bango ma zufa yake.

Da safe na buɗe leda.
Ba wari. Wallahi ba wari.
Ruwa-ruwa dai a ƙasa, da ɗumi kamar goshin yaro.
Na danna. Ramin ya tsaya yana kallona.

Inna ta ce, kawo, yaji da wuta sun fi malaminku.
Ta ce mu da me muka girma?
Na ce da shi muka girma, Inna,
har da daren da aka ɗauki Sanusi a amalanke
ana ɗura masa ruwan gishiri da sukari a hanya,
muka ce iska ce.
Ta yi shiru. Ban so na faɗa ba.

Na haƙa rami bayan bishiyar dalbejiya.
Kyanwa ta zauna nesa tana min kallon mahaukaciya.

Ran jarrabawa, farar riga, hula ta matse min kunne.
Baƙon malami daga Yamai, ba ya dariya.
Ya tura min tire: giwan ruwa, yanka huɗu a kan ƙanƙara.
Na shinshina, na danna, na ware ɗaya gefe.
Ya ce, me ya sa?
Faransancina ya gudu ya bar ni.
Na ce da Hausa: wannan ya gaji.
Ya rubuta wani abu, ban ga ko mene ba.

Albasa ta ɗan ƙone min, miyar ta so gishiri.
Sakamako sai bayan wata.

Yau da yamma na tarar da Inna gaban murhun banda,
ta ɗaga kunnen wata tarwaɗa, tana leƙawa.
Ta gan ni, ta sake shi da sauri.
Ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido,
in miƙo mata itace.